Bashin da Ake Bin Nick Kyrgios

Ranar Talata 1 ga Yulin 2014 ne masu kallon tanis suka fara koyon yadda ake faɗin sunan Nick Kyrgios. Yaro ne ɗan shekara 19 daga Kanbera, babban birnin Ostireliya, yana mataki na 144 a jerin 'yan wasan duniya. Ko gasar Wimbledon ɗin ma alfarma aka yi masa aka ba shi gurbi. Wanda ke tsaye a ɗaya ɓangaren raga kuwa Rafael Nadal ne, na ɗaya a duniya, wanda bai cika wata guda da ɗaga kofin Faransa karo na tara ba. Hatta mahaifiyar yaron, da aka tambaye ta kafin wasan, cewa ta yi Nadal ya fi ƙarfin ɗanta. A turmi na huɗu aka tashi (turmi shi ne kowane babban kashi na wasan tanis), Nadal ya sha kaye. Sau 37 Kyrgios yana buga sabis ɗin da Nadal ko taɓa ƙwallon bai yi ba. Ana tsakiyar wasan kuma ya mayar da wata ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, yana fuskantar raga, kamar mai wasa da ƙannensa a tsakar gida, ta je ta faɗi inda Nadal ba zai kai ba. Tun 1992 rabon da a ga wanda ba ya cikin ɗari na farko ya kayar da na ɗaya a duniya a ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka.

Tun daga wannan yammacin aka buɗe masa littafin bashi. Masu sharhi suka fara ƙirga kofunan da zai ɗauka, tsofaffin zakaru suka ce ga magajin Roger Federer da Nadal, manyan gwanayen zamanin, ya iso. Da shekaru suka ja kofunan ba su zo ba, sai magana ta juya: wai ya ci amanar baiwarsa, wai ya yi wasa da damarsa, wai yaro ne da Allah ya ba gona ya bar ta ta zama saura. A gefe guda kuma ga wani lissafin daban, na zagi da jifa da tofa yawu da karya raket. Jama'a suka haɗa biyun suka dama su wuri ɗaya, suka kira abin da sunan rashin tarbiyya. Ni a ganina basussuka biyu ne, kuma ɗaya kawai yaron ya ci. Abin da ke ba ni takaici shi ne wanda bai ci ba, shi aka fi matsa masa ya biya.

Kan baiwar dai babu gardama. Tsayinsa santimita 193, sabis ɗinsa yana wuce gudun kilomita 220 a awa, kuma abin da ya fi gudun haɗari shi ne yadda yake sakin sa. Ba ya cilla ƙwallon sama sosai, ba ya jinkiri, kafin abokin karawa ya karanci kafaɗarsa ƙwallon ta riga ta wuce. Sabis na biyu, wanda kowa ke sassautawa don tsoron kuskure, shi sau da yawa yakan kwaɗa shi da ƙarfin na farko. A watan Mayun 2015 ya haɗu da Roger Federer karo na farko a Madrid, ya cinye shi. A 2017 ya haɗu da Novak Djokovic karo na farko a Acapulco ta ƙasar Meziko, ya cinye shi, bayan makonni biyu suka sake gamuwa a Indian Wells ya ƙara masa, ba tare da Djokovic ya ci ko turmi ɗaya ba a wasannin biyu. Kafin shi, mutum biyu kacal ne suka taɓa doke waɗannan ukun a haɗuwarsu ta farko da kowannensu, Lleyton Hewitt da Dominik Hrbaty.

To amma da za a tara abin da ya samu gaba ɗaya, kofi bakwai ne na wasan mutum ɗaya, babu ko guda daga cikin manya. Mafi girman matakin da ya taka shi ne na 13, a watan Oktoban 2016. Wasan ƙarshe na babbar gasa, a wasan mutum ɗaya, sau ɗaya ya buga. Ga wanda aka ce zai gaji Federer, wannan cin tuwo ne da miyar tsaki.

Sai dai waye ya ce zai gaji Federer? Shi bai faɗa ba. Abin da ya sha faɗa da bakinsa, tun yana ɗan shekara ashirin, shi ne ba ya son tanis yadda yake son ƙwallon kwando. Yana yaro duka biyun yake bugawa, sai wajen shekara 14 aka karkata shi zuwa tanis saboda nan ne aka hango abinci. Har ya girma, rigar ƙungiyar Boston Celtics ta fi masa daraja a kan fararen kayan Wimbledon. Mafi yawan shekarunsa a fagen ya yi su babu koci, abin da ba a saba gani ba ga ɗan wasa a matakinsa, kuma da aka tambaye shi dalili sai ya ce ba ya so ya jefa wani bawan Allah cikin wahala. Kakar tanis tana farawa a Janairu ta ƙare a Nuwamba. Ɗan Sifaniya ko Italiya in an fitar da shi daga gasa yau, gobe yana cin abincin uwarsa. Ɗan Ostireliya kuwa tafiyar kusan kwana guda ce a jirgi, don haka wata da watanni yakan yi daga wannan otal zuwa wancan. Kyrgios ya ce ba zai iya ba, ya rage yawan gasar da yake shiga, matsayinsa ya yi ƙasa. Ya san farashin, kuma shi ya biya daga aljihunsa.

Masu cewa da ya yi kaza da ya zama kaza suna manta wani abu. Tashi kullum da asuba a buga ƙwallo ɗaya sau dubu, a auna abin da za a ci da lokacin da za a kwanta, a yi haka shekara goma sha biyar ba fashi, wannan juriyar ita ma baiwa ce, kuma rabonta ake yi kamar yadda ake rabon tsayi da ƙarfin dantse. An ba Nadal, an ba Djokovic. Mu kuma muka zauna muka ɗinka wani ɗan wasa a cikin kawunanmu, hannun Kyrgios da zuciyar Nadal, sannan muka riƙa fushi da yaron don bai zama wannan mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Wani abokina malamin makaranta, wanda muka sha kai ruwa rana da shi a kan wannan batu, yakan ce mini baiwa amana ce, kuma duk wanda aka ba za a tambaye shi. Ban musa masa ba. Abin da nake ce masa shi ne Wanda ya bayar shi ke da tambayar, ɗan jarida da mai riƙe da rimot a falo ba su da ita. A ƙwallon ƙafa, in ɗan wasa ya yi lalaci ya cuci mutum goma da ke gumi tare da shi, ya cuci kulob ɗin da ke biyansa albashi. Shi ya sa masoyan Manchester City da na Liverpool suke da bakin magana a kan Mario Balotelli. Ɗan tanis ba ya karɓar albashin kowa. Shi ke biyan kuɗin jirginsa da otal ɗinsa da mai yi masa tausa. In ya ci wasa ya samu, in ya faɗi ya tashi da ɗan abin da ya samu. In ya zaɓi ya tsaya a na 13 maimakon ya kashe kansa neman na ɗaya, kasuwarsa ce. Har hukumar tanis ta ƙasarsa da ta kashe kuɗi a kansa yana yaro, ai ta daɗe da mayar da uwar kuɗinta da riba, domin duk daren da aka sa shi wasa a Melbourne filin cika yake yi maƙil.

Ɗaya bashin kuwa, wannan ya ci shi, kuma ba ƙarami ba ne.

A watan Agustan 2015, a Montreal ta ƙasar Kanada, yana karawa da Stan Wawrinka. Ana tsakiyar wasa ya juya baya ya yi wata magana ta batsa a kan budurwar Wawrinka, wai abokinsa ya kwana da ita. Makirufon filin ya ɗauka, duniya ta ji. Yarinyar 'yar shekara 19 ce, ita ma 'yar wasa, ba ta filin, ba ta ce masa kanzil ba. Don kawai ya sosa ran wani namiji ya ɗauki mutuncinta ya shimfiɗa a titi. A watan Mayun 2019 a birnin Rum, yana wasa da Casper Ruud, ya yi ƙwallo da gorar ruwa, ya ɗauki kujera ya wurga tsakiyar fili, ya saɓi jakarsa ya fice. Bayan wata uku a Cincinnati ya sa alƙalin wasa Fergus Murphy a gaba da zagi kusan tsawon wasan, ya fita da raket biyu da sunan zagayawa, ya karya su a lungu ya dawo, da aka tashi kuma ya ƙi ba alƙalin hannu ya yi tofi ta wajen kujerarsa. A Wimbledon ta 2022, a zagayen farko, ya tofa yawu ta wajen wani ɗan kallo, kuma ya amsa cewa da gangan ya yi. A wasan ƙarshe na gasar ya nuna wata mata a cikin jama'a, a gaban kyamarorin duniya, ya ce ta yi tatil kamar wadda ta sha kofi 700. Matar ta kai ƙara, daga baya ya ba ta haƙuri ya kuma biya fam 20,000 ga wani asibitin yara a Landan da ita ta zaɓa. A watan Fabrairun 2023 ya tsaya gaban kotu a Kanbera ya amsa laifin ture tsohuwar budurwarsa har ta faɗi ƙasa a lokacin wata rigima a 2021. Alƙaliyar ta kori ƙarar ba tare da ta rubuta masa laifi a takarda ba, amma amsawar ya riga ya amsa.

Duba waɗanda abin ya faɗa wa. Alƙalin da doka ta ɗaure wa baki, ba zai iya ramawa ba. Masu kula da layi, waɗanda ke duba ko ƙwallo ta fita. Mata uku. Yara masu tsintar ƙwallo da ke durƙushe a gefe lokacin da raket ke tashi sama. A fagen dambe mun san ɗan wasa mai kirari da cika baki, mai zagaya fili yana nuna abokin karawa da hannu, kuma shi 'yan kallo suka fi so. Amma kirarin a kan wanda ya ɗaura zare ya shigo fili yake sauka, wanda zai iya mayar da martani da kurtu. Ɗan damben da ya juya ya zagi mai rabo ko ya ture mai sayar da ruwa, ba jarumi ake kiransa ba.

Yanzu a dubi yadda hukumar 'yan wasan maza ta ATP ta auna laifuffukan nan, domin a nan ne maganar take. Kan abin da ya yi a Montreal an ci shi tarar dala 10,000, aka ƙara da dakatarwar kwana 28 da wata tarar dala 25,000, amma duka biyun na jeka-ka-gyara-halinka, ba za su hau kansa ba sai in ya sake. Bai rasa ko wasa ɗaya ba. Kan abin da ya yi wa Murphy an ci shi tarar dala 113,000, wadda ta yi amo a jaridu, sai dai mako biyu kafin nan ya ɗauki kofin Washington da ladan da ya haura dala 300,000. Dakatarwar mako 16 da aka yanke masa daga baya, ita ma rataye ta aka yi. Bai rasa wasa ba.

Sau ɗaya tak aka rufe masa ƙofa da gaske. A watan Oktoban 2016, kwanaki kaɗan bayan ya ɗauki kofin Tokyo, ya shiga fili a Shanghai da Mischa Zverev a gajiye, ba ya sha'awar wasan. Ya riƙa tura sabis a hankali kamar mai miƙa wa yaro, wani lokaci ya kama hanyar kujerarsa tun ƙwallon ba ta faɗi ba. A minti 48 aka gama. Da 'yan jarida suka tambaye shi game da 'yan kallon da suka yi masa ihu, ya ce ba sa bin sa komai, wanda bai ji daɗi ba ya tashi ya tafi. Nan take aka ci shi tarar dala 16,500, aka ƙara 25,000, aka dakatar da shi mako takwas, da sharaɗin a rage zuwa uku in ya yarda ya ga likitan halayyar 'yan wasa. Wannan karon babu ratayewa.

Ba ina wanke abin da ya yi a Shanghai ba ne. Wanda ya yanki tikiti da kuɗinsa ya sayi wasa, kuma an ba shi holoƙo. Haƙƙi ne. In ba ka da niyyar bugawa, ka janye tun a otal wani ya samu gurbin. Amma a sa su a sikeli: minti 48 na lalaci a hannu ɗaya, tozarta yarinya a gaban duniya da tofa wa alƙali yawu a ɗaya hannun. Wanda ya taɓa aljihun masu gasa shi ya jawo kora, wanda ya taɓa mutuncin mutane aka ce a yi haƙuri a ba shi dama. Kuma ba a kansa kaɗai ba. A Acapulco a 2022 Alexander Zverev ya riƙa dukan kujerar alƙali da raket, alƙalin na zaune a kai yana janye ƙafa. An kore shi daga gasar an ci shi tara, amma dakatarwar mako takwas da aka yanke masa rataye ta aka yi. Bayan 'yan makonni yana fili.

Akwai wani labari da nake yawan tunawa. A gasar Amurka ta 2018 Kyrgios yana wasa da Pierre-Hugues Herbert, an ci shi turmin farko, ana kan cinsa na biyu, ya saki jiki yana kallon ƙwallo na wuce shi. Alƙalin wasan, Mohamed Lahyani, ɗan Suwidin mai asalin Maroko, ya sauko daga kujerarsa ya tsaya a gabansa ya yi masa magana kamar yadda kawu zai yi wa ɗan ƙaninsa, har aka ji yana cewa so yake ya taimake shi. Kyrgios ya farfaɗo ya ci wasan. Lahyani ya yi kuskure, domin alƙali ba ya da ɗa a fili, kuma Herbert yana da gaskiyar yin ƙorafi. Aka dakatar da Lahyani daga gasa biyu babu albashi. Wato mutumin da ya yi wa yaron nasiha ya sha hukuncin da ya fi na ranar da yaron ya zagi abokin aikinsa.

Dalilin bai ɓuya ba. Tanis wasa ne da masu kallonsa ke tsufa, kuma a lokacin shugabanninsa sun san Federer da Nadal ba za su dawwama ba. Ga yaro mai ɗan kunne da zane a jiki, wanda matasan da ba su san yadda ake ƙirga maki ba suke tura bidiyonsa a waya. Da rana a ci shi tara, da dare a yanko wurin da ya yi haukar a ɗora a intanet miliyoyi su kalla. Da kamfanin Netflix ya shirya jerin shirye-shirye a kan 'yan tanis a 2023, da shi aka buɗe kashi na farko. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Yaro ɗan shekara ashirin da ya lura cewa duk ranar da ya yi rashin kunya kujeru sun fi cika, tarar kuma ba ta kai ladan mako guda ba, wane darasi ake so ya ɗauka?

Wasu laifuffukan kuma ƙaƙaba masa su aka yi. Sabis ɗin ƙasa-ƙasa da ya yi wa Nadal a Acapulco a 2019, wanda aka yi ta kururuwa a kai, babu dokar da ta hana shi. Nadal yakan tsaya can baya kusa da bango don ya tari sabis mai gudu, to mene ne aibin a sakar masa gajere? Michael Chang ya yi wa Ivan Lendl irinsa a gasar Faransa ta 1989 yana ɗan shekara 17, har yau ana ba da labarin a matsayin hikima. Jar hular da ya sa a Wimbledon ma sai da ta zama abin tuhuma a taron 'yan jarida. Mafi muni shi ne abin da Dawn Fraser, tsohuwar zakarar ninƙaya ta Ostireliya, ta faɗa a talabijin a watan Yulin 2015, cewa shi da Bernard Tomic, wani ɗan tanis na Ostireliya, su koma inda iyayensu suka fito. Uban Kyrgios ɗan Girka ne, uwarsa 'yar Malesiya, sunansa na tsakiya Hilmy, amma shi a Kanbera aka yanke masa cibi. Fraser ta nemi afuwa daga baya. Sai dai yaron ya riga ya ji cewa ranar da ya ci Nadal ɗan ƙasa ne, ranar da ya ɓata kuma baƙo ne. John McEnroe ya zagi alƙalai son ransa, har an kore shi daga gasar Ostireliya ta 1990, babu wanda ya nuna masa hanyar ƙasar kakanninsa. Shi da yake ya tara manyan kofuna bakwai, yau zagin nasa ya zama abin raha da ake tallar kaya da shi.

Akwai kuma abin da ba mu sani ba a lokacin. A Wimbledon ta 2019 an gan shi a mashaya da daddare, washegari yana da wasa da Nadal. Jaridu suka yi ta nishaɗi da labarin, ni ma na yi dariya. A wasan ya auna ƙirjin Nadal da ƙwallo da gangan, ya ce ba zai ba da haƙuri ba. Yana sanye da wani farin hannun riga a dantsensa na dama, kowa ya ɗauka ado ne. Sai a watan Fabrairun 2022 ya rubuta da kansa cewa a wancan zamanin yana cikin matsananciyar damuwa, yana shan giya da ƙwaya, ya nisanci danginsa, yana yanka jikinsa, har yana tunanin kashe kansa. Daga baya ya ƙara da cewa hannun rigar tabo yake rufewa, kuma bayan wasan Nadal ɗin sai da ya kwanta a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Landan. Ya ce Andy Murray, ɗan tanis na Birtaniya, shi ne ya lura da tabon ya yi magana. Mu da muka ƙware wajen karanta fuskarsa muna yanke hukunci, shekara uku muna kallon hannun ba mu ga komai ba.

Wannan bai goge abin da ya yi wa Murphy ba, wanda ya faru wata guda bayan fitowarsa daga asibitin. Ciwo yana bayyana dalili, ba ya biyan bashi. Amma ya nuna irin taimakon da yaron yake buƙata, ya kuma nuna cewa ratayayyen hukunci ba tausayi ba ne. Da an zaunar da shi wata uku da gaske a 2019, da alƙalai sun ga an kare su, shi kuma da ya samu abin da ya fi buƙata, wato ya koma gida. Wanda ke cikin wannan hali aka ci gaba da turawa fili da daddare saboda tikiti.

Mutumin kuma ba baƙi ƙirin ba ne. A watan Janairun 2020, lokacin da gobarar daji ke cin Ostireliya hayaƙi ya turnuƙe garinsu, shi ya fara cewa zai ba da dalar Ostireliya 200 kan kowane sabis da ya ci kai tsaye. Wasu 'yan wasan suka bi sahu, aka shirya wasan agaji a Melbourne da Federer da Nadal da Serena Williams, aka tara kusan dalar Ostireliya miliyan 5. Ya yi shekaru yana caccakar Djokovic, amma da aka tsare Djokovic a otal ɗin 'yan ci-rani a Melbourne a Janairun 2022 kan rigakafin korona, ƙasar gaba ɗaya na jifansa, Kyrgios na cikin 'yan tsirarun da suka ce ba haka ake yi wa ɗan Adam ba.

Shekarar 2022 ce ta nuna iyakar abin. Ya ɗauki kofin 'yan bibbiyu a gasar Ostireliya tare da abokinsa na yarinta Thanasi Kokkinakis. Ya kai wasan ƙarshe a Wimbledon, bayan wata hatsaniya da Stefanos Tsitsipas a zagaye na uku wadda ta sa Tsitsipas ya kira shi mai cin zali, da kuma janyewar Nadal a wasan kusa da na ƙarshe saboda yagewar tsokar ciki. Ranar 10 ga Yuli ya ci Djokovic turmin farko da wasa mai tsabta, babu hayaniya. Djokovic ya rama na biyu. A na uku suna huɗu da huɗu, sabis a hannun Kyrgios, yana gaba da 40 da babu, maki ɗaya ya rage masa. Sai ya zubar da biyar a jere. Ya juya wajen da danginsa da abokansa ke zaune ya rufe su da faɗa, wai sun daina ƙarfafa masa gwiwa. Djokovic bai ce uffan ba, goge fuska kawai ya yi ya ci gaba da mayar da ƙwallo. A turmi na huɗu aka gama. Duk wanda ya kalli wannan wasan ya ga cewa ba a hannu aka fi shi ba. Bayan wata biyu ya fitar da Daniil Medvedev, na ɗaya a duniya, daga gasar Amurka, Karen Khachanov kuma ya fitar da shi a zagaye na gaba, ya tsaya a gefen fili ya farfasa raket biyu.

Daga nan jiki ya karɓi magana. Aikin gwiwa a Janairun 2023, sai jijiyar wuyan hannu ta tsinke, wasa ɗaya tak ya buga a shekarar, 2024 kuma ko ɗaya. Ya koma ɗakin sharhi a talabijin, inda ya ba mutane mamaki da yadda yake karanta wasa a natse.

Yaran da suka taso bayansa suna kallo, kuma hukumomin nan ne dai za su auna su. Holger Rune na Denmak ya doke Djokovic ya ɗauki kofin gasar Paris Masters a 2022 yana ɗan shekara 19, kuma a zagayen farko na gasar, da suka zo gaisawa a raga, abokin karawarsa ya ce masa ya daina abin jarirai a fili. Wawrinka ne ya faɗa masa, wanda ya sha ta Montreal shekara bakwai kafin nan.

A Janairun 2025 Kyrgios ya dawo gasar Ostireliya, saura wata uku ya cika shekara 30, da ɗinki a wuyan hannu da ciwo a tsokar ciki. Masu gasar suka sa shi da daddare a filin John Cain, inda ya fi jan jama'a. Jacob Fearnley na Birtaniya, wanda bai daɗe da barin wasan jami'a ba, ya cinye shi turmi uku a jere. Kyrgios ya ce da wuya ya sake buga wasan mutum ɗaya a wannan gasar. Filin kuwa ya cika maƙil da jama'a.